Ganga Babu Fata: Tarihin Kiɗan Na'ura Daga Shikago Zuwa Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa Tudun Jukun ko Tudun Wada ta Zariya da yammacin ranar da ake biki, zai ji kiɗa yana tashi daga wani gida ko wani fili, har ƙasa tana amsawa. In ya leƙa, galibi ba zai ga kalangu ba, balle goge ko ƙwarya. Abin da zai tarar shi ne manyan lasifika, da janareto yana ruri a gefe, da saurayi guda tsaye a gaban kwamfuta. Gangar da ake ji ba a taɓa ɗaura mata fata ba, babu kuwa hannun da ya taɓa dukanta. Wannan al'amari ya zama jiki ƙwarai, har ana neman a manta cewa yana da mafari, yana da magabata, yana kuma da dangi a wasu ƙasashe.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bi sawun kiɗan na'ura ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce wadda ta taso daga birnin Shikago na Amurka ta haifi kiɗan da ake kira Hawus, sa'an nan ta ƙetara Ingila da Jamus ta haifi wanda ake kira Tirans. Ta biyu kuwa ita ce wadda ta bi ta Yamai da Maraɗi da Kano, har ta iso dandalin biki na Zazzau. Abin da za a nuna shi ne, na'ura kusan iri ɗaya ce ta faɗa hannun samari marasa gata a wuraren biyu, ta kuma rushe sharuɗɗan shiga sana'ar kiɗa. Amma kowace al'umma ta tanƙwara ta zuwa ga abin da kunnenta ya saba da shi. Daga wannan bambanci ne aka sami dalilin da ya sa magabatan can suka shiga littattafan tarihi, na nan kuwa sunayensu da ayyukansu na farko suke salwanta.

2.0 Tsarin Kiɗa a Zazzau Kafin Zuwan Na'ura

Ƙasar Zazzau ta yi sa'ar samun masu bincike da suka rubuta yadda kiɗa yake a cikinta tun kafin wutar lantarki ta shiga sana'ar. M. G. Smith ya yi bincikensa a 1949 zuwa 1950, ya kuma buga maƙalarsa a kan roƙo da matsayin maroƙa a 1957. Matarsa Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda ya fito a 1954, cike da labarin biki da kiɗan mata da bori. David Ames ya zauna a Zariya a 1963 zuwa 1964 yana ɗaukar kiɗa a rikoda, daga baya shi da Anthony King suka fitar da ƙamusun kalmomin kiɗan Hausa a 1971.

Hoton da ke fitowa daga waɗannan ayyuka shi ne na sana'a mai tsari da iyaka. Kowane abin kiɗa yana da ubangidansa. Tambari da kakaki da algaita na sarauta ne. Kalangu asalinsa na mahauta ne, kafin ya zama na 'yan mata da na jama'a. Dundufa ta maƙera ce. Gangar noma ta manoma. Galibi mutum yakan gaji kiɗa ne daga ubansa, ya fara da ɗaukar kaya da amshi, ya shekara goma ko fiye kafin a ba shi jagora. Akwai 'yan haye da suka shahara, irin su Alhaji Mamman Shata, wanda ba gadon kiɗa ya yi ba. Amma ko shi bai iya tsayawa shi kaɗai ba, sai da makaɗan kalangu da 'yan amshi da sanƙira. Watau kiɗa aikin ƙungiya ne, kuma ƙungiyar gida ce mai ci da bakuna masu yawa.

Akwai kuma wani reshe da ya kamata a ambata tun yanzu, domin za a koma kansa, shi ne kiɗan bori. A nan ana amfani da garaya da buta, ko goge da ƙwarya, a yi ta maimaita taki guda, ana ƙara masa sauri da ƙarfi, har wanda ake kira doki ko goɗiya ya fita daga hayyacinsa, a ce iska ya hau. Kowane iska yana da takensa da kirarinsa, na Sarkin Rafi dabam, na Ɗan Galadima dabam, na Inna dabam. Malamai sun yi ta yaƙar wannan al'ada tun zamanin jihadin 1804, amma ta wanzu a ɓoye da sarari, har Fremont Besmer ya rubuta littafi a kanta a 1983, bisa binciken da ya yi a Kano. Ke nan Bahaushe ya san kiɗan maimaici mai gusar da hayyaci tun da daɗewa kafin a ƙera na'urar farko.

3.0 Mafarin Kiɗan Hawus

A shekarun 1970 kiɗan rawa da ya mamaye Amurka shi ne disko, wanda ke da jijiya har a Afirka, domin faifan Manu Dibango na Kamaru mai suna Soul Makossa, na 1972, yana cikin waɗanda suka share masa hanya. Disko kiɗa ne mai tsada, yana bukatar makaɗa da yawa da babban situdiyo. Da ƙarshen shekarun ya fara fuskantar ƙiyayya, har a ranar 12 ga Yuli 1979 aka tara faya-fayan disko a filin wasa na Comiskey da ke Shikago aka tarwatsa su da nakiya a gaban dubban 'yan kallo. Kamfanoni suka janye kuɗinsu, sababbin faya-fayai suka yi ƙaranci.

A cikin wannan birni kuwa akwai wani gidan rawa mai suna Warehouse, wanda aka buɗe a 1977. Masu zuwansa galibi baƙaƙen fata ne da sauran waɗanda manyan gidajen rawa ba su maraba da su. Mai sa faifai a gidan shi ne Frankie Knuckles, mutumin Niyok. Da sabon kaya ya yanke, sai ya shiga yanka tsofaffin waƙoƙi a kan zaren rikoda yana liƙawa, yana tsawaita wurin da ganga ta fi daɗi, yana rage wurin da ake yawan magana. Daga sunan wannan gida ne akasarin masana suka ce kalmar Hawus ta samo asali.

Abin da ya mai da wannan dabara ta zama kiɗa mai zaman kansa shi ne wasu na'urori na kamfanin Roland na Japan. Kamfanin ya fitar da gangar lantarki TR-808 a 1980, da TB-303 mai kwaikwayon amon babbar tsirkiya a 1981, da TR-909 a 1983. Ƙwararrun makaɗa suka raina su, suka ce amonsu bai yi kama da na ainihi ba. Aka daina ƙera su bayan 'yan shekaru, suka koma kasuwar gwanjo a kan kuɗi kaɗan. Abin da wani ya raina shi ne abin da wani ya samu. Samarin Shikago da ba su da halin hayar makaɗa suka saye su, suka kai ɗakunan kwanansu. A 1984 Jesse Saunders ya fitar da On and On, wanda ake lissafawa a matsayin faifan Hawus na farko. A 1987 ƙungiyar Phuture, wadda samari uku suka kafa, watau DJ Pierre da Spanky da Herb J, ta fitar da Acid Tracks. Su ukun ba su bi yadda kamfani ya tsara a yi amfani da TB-303 ba; murɗa maɓallanta suka yi ta yi tana cikin kiɗa, har ta ba da wani amo mai kama da kukan kwaɗi a rijiya, aka yi faifai na kusan minti goma sha biyu babu baiti babu amshi.

Siffar Hawus a taƙaice ita ce bugun babbar ganga sau huɗu daidai wa daida a kowane zagaye, kamar sau 120 zuwa 130 a minti guda, ba gajiya ba kuskure. In akwai murya, sau da yawa jimla guda ce ake ta maimaitawa, ta zama tamkar ɗaya daga cikin kayan kiɗa.

4.0 Tirans da Waɗanda Suka Kafa Shi

Faya-fayan Shikago sun sami karɓuwa a Ingila fiye da yadda suka samu a gida. Daga 1988 samari suka riƙa taruwa dubbai a rumbunan ajiya da gonaki suna kwana rawa. A cikin wannan yanayi ne mutum biyu, Bill Drummond da Jimmy Cauty, waɗanda suka kafa ƙungiyar da aka fi sani da KLF, suka fitar da What Time Is Love? a 1988, a cikin jerin faya-fayan da suka laƙaba wa suna Pure Trance. Kalmar tirans a Ingilishi tana nufin halin da mutum kan shiga in hayyacinsa ya gushe alhali idonsa biyu, kusa da abin da Bahaushe ke kira shauƙi in ya kai matuƙa, ko hawan iska a wajen 'yan bori. A wannan shekara kuma Cauty ya haɗa kai da Alex Paterson suka kafa The Orb, wadda ta ɗauki ɗaya ɓangaren, watau kiɗa mai sanyi na ɗakin hutawa bayan an gaji da rawa. Su biyun suka rabu a 1990.

Amma a Jamus ne Tirans ya tsaya da ƙafafunsa. A birnin Farankfot, Sven Väth yana cikin waɗanda suka buɗe gidan rawa na Omen a 1988. Rolf Ellmer da DJ Dag suka kafa Dance 2 Trance, suka fitar da We Came in Peace a 1990. Shi dai Ellmer tare da Markus Löffel, da sunan Jam & Spoon, suka sake gina faifan The Age of Love a 1992, aikin da ya zama abin koyi ga na baya. Tirans ya ɗan fi Hawus sauri, ya kuma fi shi dogara ga ɗan gajeren rauji da ake maimaitawa ana ɗora masa amo bisa amo. Dabararsa babba ita ce a tsai da ganga ɗif a tsakiyar kiɗa, a bar masu rawa suna jira, a yi ta ɗaga amo, sa'an nan a sako gangar gaba ɗaya. A Barlin, jerin gwanon da aka fara a 1989 da mutum kamar 150, mai suna Love Parade, ya kai yana tara fiye da mutum miliyan guda kafin ƙarshen shekarun 1990. Hukuma ba ta zuba ido ba: a 1994 majalisar Ingila ta yi dokar da ta ba 'yan sanda ikon watsa irin waɗannan tarurruka, har dokar ta siffanta kiɗan da cewa mai maimaita bugu ne.

5.0 Magabata a Ƙasar Hausa da Maƙwabtanta

Kayan kiɗan Turawa sun riga na'ura shigowa. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya kafu da baƙinsa da gidajen rawarsa, garmaho da rediyo suka biyo baya. Bala Miller, wanda asalin gidansu na Zariya ne, ya kafa babbar ƙungiya a Kaduna a shekarun 1970, yana rera waƙoƙin Hausa da ƙaho da jita da gangunan Turawa, ya kuma yi shiri a talabijin da sunansa. Sai dai tsarinsa bai saɓa wa na gargajiya ba ta fuska guda: mutane da yawa ne ke kiɗan, kowa da abin da ke hannunsa.

Wanda ya fara zama shi kaɗai gaban na'ura ya fitar da cikakken kiɗa a wannan yanki, gwargwadon abin da aka adana, shi ne Mamman Sani Abdullahi na Jamhuriyar Nijar. Ma'aikacin UNESCO ne, kuma a wajen wani taro ne ya ga fiyanon lantarki ƙirar Orla ta Italiya a hannun wani wakilin Ruwanda, ya saye. A 1978 ya shiga situdiyon gidan rediyon ƙasa a Yamai ya ɗauki kiɗansa, yana ɗora sawu na biyu a kan na farko. Ya ɗebo raujin waƙoƙin mutanen Nijar, har da na Fulani Bororo da na Buzaye, ya zuba su a kan gangar da ke cikin fiyanon. A lura da shekarar: shekara shida ke nan kafin faifan Hawus na farko. Ma'aikatar al'adu ta yi niyyar yaɗa aikin a kaset, amma kaɗan ne suka fita. Abin da ya faru da kiɗan shi ne, rediyo da talabijin na Nijar suka mai da shi abin cike gurbi tsakanin shiri da shiri, shekara da shekaru, jama'a suka haddace amon. Duniya ba ta san sunan mai shi ba sai a 2013, sa'ad da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga aikin.

Na biyu shi ne Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda sunansa ma ya nuna inda ya fito. Shi ne ya ɗauko taken bori da salon rerawarsa ya haɗa da jita da fiyano. Faifan da suka yi tare da Musa Fusi, mai suna Niamey Twice, ya fito a 1994, kaset ɗinsa kuwa ya game Arewacin Nijeriya. Ya rasu a hatsarin mota a 2008. In da akwai wurin da Tirans na Hausa zai tsiro, to, a hannunsa ne. Amma ko shi muryarsa ce a gaba, kiɗan yana biye.

Babban juyin kuwa a Kano ya faru, ta hanyar fim. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. Masu kallo sun tashi da finafinan Indiya a silima da talabijin, sun saba da labarin soyayya mai waƙa da rawa, saboda haka masu shirya fim suka bukaci waƙa mai yawa, cikin sauri, a kan kuɗi kaɗan. Hayar makaɗan gargajiya ba ta biyan wannan bukata. Binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna yadda situdiyon Iyan-Tama, wanda Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ya kafa a shekarun 1990, ya zama makarantar wannan sabon kiɗa, da fiyano ƙirar Yamaha mai ɗauke da amon ganguna da sarewa da tsirkiya iri iri a cikinsa. A 1999 kamfanin Sarauniya ya fitar da Sangaya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki. Waƙarsa ta nuna cewa ana iya sa fiyano ya kwaikwayi amon da kunnen Bahaushe zai karɓa a matsayin nasa. A wannan shekara ce kuma, cikin watan Yuni, Allah ya yi wa Shata rasuwa. Ba wanda ya shirya haɗuwar abubuwan biyu, amma ta zama iyaka mai sauƙin tunawa tsakanin zamani da zamani.

Daga nan situdiyo suka yawaita a Kano da Kaduna da Jos da Zariya. Kwamfuta ta shigo da manhajojin haɗa kiɗa da na gyaran murya, kaset ya ba faifan CD wuri, shi kuma ya ba wayar hannu. Salon ya sami suna, nanaye, daga amshin waƙoƙin gaɗa na 'yan mata. Ya fita daga fim ya shiga waƙar biki da ta siyasa da ta bege. Kamar yadda aka yi a Ingila, hukuma ta sa baki: bayan ƙaddamar da shari'a, Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, kuma abin da aka fi kai ruwa rana a kansa shi ne rawar maza da mata tare.

6.0 Inda Hanyoyin Biyu Suka Rabu

Kamancin yana da yawa. A wuraren biyu na'urar Japan mai araha ce ta buɗe ƙofa. Samarin da ba su gaji kiɗa ba, ba su kuma yi makarantarsa ba, su ne suka shiga. Mutum guda ya maye gurbin ƙungiya. Manya suka ce wannan ba kiɗa ba ne. Amma sakamakon ya bambanta, kuma ana iya kawo dalilai uku.

Na farko, a wajen Bahaushe magana ita ce uwa. Ana auna mawaƙi da azancinsa, da habaicinsa, da iya jera asalin ubangida, da yadda ya sarrafa karin magana. Ko kiɗan da babu murya a cikinsa, irin taken kalangu ko busar kakaki, magana yake yi, mai sauraro yana fassara shi zuwa kalmomi. Saboda haka da fiyano ya zo, wurin 'yan amshi da makaɗa ya tsaya, mawaƙi yana nan a gaba. Kiɗa zalla irin na Mamman Sani bai sami gurbi ba sai tsakanin labarai da sanarwa. Haka ya faru ga Hama, wani makaɗin fiyano na Yamai na baya-bayan nan, wanda kiɗansa ya yi ta yawo a wayoyin mutane kafin a buga shi da sunansa a 2015.

Na biyu, Hausa harshe ne mai karin sauti, ga kuma dogon wasali da gajere. Kalangu yana iya bin hawa da saukar murya domin makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata yana sassautawa. Gangar na'ura ba ta da hammata. Tana ba da bugu daidai, amma ba ta kiran sunan kowa, ba ta yi wa kowa kirari. Abin da ganga ta kasa faɗa, dole baki ya faɗa. Wannan ya ƙara wa murya nauyi a kiɗan fiyano maimakon ya rage.

Na uku ya shafi gushewar hayyaci. Gilbert Rouget, masanin kiɗa na Faransa, ya yi bayani a littafinsa na 1980 cewa amo shi kaɗai ba ya sa mutum ya fita daga hayyacinsa. Al'ada ce ke koya wa mutum abin da zai ji da abin da zai yi in ya ji. Bori hujja ce a kan haka. Taken Ɗan Galadima ba ya ɗaukar kowa sai wanda aka yi wa girka, ko da yake duk wanda ke wurin yana jin garaya ɗaya. Matasan Farankfot sun nemi wannan hali ne a fili, suka sa wa kiɗansu sunansa, domin a wajensu baƙon abu ne abin sha'awa. A ƙasar Hausa kuwa halin yana da gidansa da sunansa da hukuncinsa a wajen malamai, saboda haka saurayin da ke neman karɓuwa a gidan biki ba zai so a danganta kiɗansa da shi ba. Maimaici ya shiga nanaye, amma an tsai da shi a matsayin rawa da nishaɗi.

7.0 Abin da Aka Samu da Abin da Ke Salwanta

Ba daidai ba ne a ɗauki wannan tarihi a matsayin asara zalla. Fiyano ya ba dubban matasa sana'a, ya ba mata damar rera waƙa a situdiyo ba tare da sun shiga yawon roƙo ba, ya kuma kai waƙar Hausa Gana da Kamaru da Sudan da duk inda Bahaushe yake. Sai dai an biya farashi. Gidan da ya gaji kalangu yakan ga an kira mai lasifika biki an bar shi. Ɗan da zai gaji sana'ar ya kama wata. Take da kirarin da ba a rubuta ba suna tafiya tare da tsofaffin da suka san su.

Akwai kuma asara ta biyu wadda ba a cika lura da ita ba, ita ce ta tarihin sabon kiɗan kansa. Tun da murya ce a gaba, jama'a sun riƙe sunan mawaƙi da na ɗan wasan da ya motsa baki a fim, suka bar wanda ya zauna gaban fiyano ya gina amon. A Shikago mai na'ura shi ne tauraro, shi ya sa aka sa wa titi sunan Frankie Knuckles a 2004, aka adana faya-fayansa bayan rasuwarsa a 2014, aka kuma sa ginin Warehouse cikin wuraren tarihi na birnin a 2023. Ko KLF, waɗanda suka janye ayyukansu daga kasuwa da kansu a 1992, ba su ɓace ba, domin masu tarawa sun riƙe su har aka sake sakinsu a 2021. Kaset ɗin Kano na shekarun 1990 kuwa zare ne da zafi da ƙura ke ci, kuma situdiyo da yawa sun rufe ko sun sauya hannu.

8.0 Kammalawa

An ga yadda na'ura ta shiga Shikago da Farankfot ta ture magana gefe, ta kuma shiga Yamai da Kano ta durƙusa wa magana. An ga cewa Mamman Sani ya riga Jesse Saunders, amma sai da baƙo ya zo daga wata nahiya kafin a buga sunansa a bayan faifai. Darasin da ke nan ga masu nazari a fili yake. Smith da Ames sun tarar da makaɗan Zazzau suna raye, suka zauna da su, suka rubuta. Da ba su yi ba, da yau babu abin da za a auna canjin da shi. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara dukan fiyano a Kano da Kaduna da Zariya suna nan da ransu, wasu da tsofaffin kaset a cikin akwati. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Gidan Arewa na Kaduna suna da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundin digiri a kansa. Aikin da ke jiransu shi ne su nemi waɗannan mutane, su tambaye su wace na'ura suka fara taɓawa, a ina suka saye ta, wa ya koya musu, wane fim ko wace waƙa suka fara yi wa kiɗa, sa'an nan a juye kaset ɗin tun zaren bai tsinke ba. Ɗalibin da ke zaune a Tudun Jukun ba ya bukatar kuɗin jirgi kafin ya fara. Situdiyon da ke bakin titinsu ya isa mafari.